Daga Tabarmar Asusu: Hujin kunne da na hanci, araha ba ta ado

Da yawa cikinmu da kuɗin asusu muke saro ƴan kunne muna sayarwa, kuma mu ne muke kai ɗiyanmu a huda musu kunne. To, bari mu yi zancen tun daga allura har warkewa, don sabon huji ciwo ne buɗaɗɗe, ko da ƙarami ne.

Mu fara da allura. Ranar suna ko gab da salla, sai a jera yara biyar a huda su da allura ɗaya. Ta haka ciwon hanta na hepatit B da sida suke bi ta jini, tetanos kuma ta datti yake shiga. Kowace yarinya da sabuwar allurarta, wadda aka ɓare daga leda a gabanmu, mai hujin kuma ta wanke hannu da sabulu. Jaririya kuwa, mu dakata mata. Rigakafin Penta da ake yi a likita a sati 6 da 10 da 14 yana kare ta daga tetanos da hepatit B. A bari ta gama shi tukuna, kunnen ba gudu zai yi ba.

Sai zaɓen ɗan kunnen farko. Sabon huji yana kumbura, don haka sandar ta fi kaurin kunnen tsawo. In an sa makullin baya, a bar ɗan fili kamar faɗin ƙwayar dawa. In ya matse, nama yana iya haɗiye makullin, sai an kai likita an tsaga. Ga yara, ƙaramin mai ɗigo ɗaya da makulli mai murɗi ya fi. Mai zobe da mai lilo suna maƙalewa a zanen goyo su yaga kunne, makulli mai saurin fita kuma yana iya ƙarewa a bakin yarinya.

Ƙarfen ma abin dubawa ne. Yawancin masu araha suna da wani ƙarfe da ake kira nikel, shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje da ruwa. Mai ruwan zinariya ma, da ruwan ya goge sai na ƙasa ya taɓa ciwon. Ga sabon huji a nemi zinariya ta gaskiya ko inox irin na likita. Mu masu sayarwa, mu faɗa wa mai saye gaskiya: wannan na kunnen da ya warke ne.

Wanki sau 2 a rana, da hannu mai tsabta. A sayi serom na gishiri a farmasi, ko a tafasa ruwa lita 1 da gishiri gram 9, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bari ya huce, a yi sabo kullum. Ban da toka, ban da kanwa, ban da man goge baki, ban da yawan murzawa. Naman kunne na ƙasa yana son sati 6 zuwa 8 kafin a canza ɗan kunne. Hanci da guringuntsin saman kunne watanni suke ɗauka. Amaryar da ke son ɗan hanci, ta huda tun da wuri, ba satin biki ba.

In kuka ga jan kumburi yana yaɗuwa, ko mugunya mai wari, ko masassara, a tafi CSI ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wadda kuma jikinta ko danginta ke yin tabo mai tsirowa kamar ƙwallo, ta haƙura da huji na biyu.

Shawararmu ga taron wannan sati: kowace ƙungiya ta duba ko za ta haɗa kuɗi a saro allurai sabbi da ƴan kunnen farko masu kyau, a raba a farashin sari. Sakatariya ta karanta wa waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba. Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ƙara wa asusu albarka.