Daga Zauren Nyohini: Layar da Ke Amsa Kira

Lokacin aikin Hajji ya ƙarato, ga shi tun 2016 alhazanmu na arewa daga filin jirgin Tamale suke tashi, ba sai sun gangara Ankara ba. Don haka wannan wata za mu tattauna kan abin da ake ɗaura musu a hannu ko a rataya musu a wuya.

Ba mu manta da turmutsutsun Mina na 2015 ba. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, masu ƙidaya na waje suka ce sun haura 2,000. Gawawwaki da dama aka daɗe ba a san masu su ba. Shekara na zagayowa aka fito da awarwaro mai ɗauke da sunan alhaji da bayanin lafiyarsa. A zafin 2024 ma mutum 1,301 suka rasu, akasarinsu ba su da rajista, aka sha wahalar gane su.

Wasu irin waɗannan abubuwa zanen jikinsu ake haskawa da waya, wasu kuwa da rediyo suke aiki. Da yawa daga cikin na biyun ba su da batir. Ɗan siririn waya ne a naɗe da ƙwayar ajiyar bayani. In an matso da su kusa da na'ura, sai su sha wuta daga igiyar rediyonta, su mayar mata da lambarsu, kamar yadda dutse ke mayar da kuwwa. Wasu sai an kusa manna su, wasu daga taku da yawa ake jin su. Ghana Card da ke aljihunmu ma yana da irin wannan ƙwaya, kuma tun Yulin 2022 shi bankuna ke nema.

To, amma a lura: na'ura kati ta sani, ba ta san fuska ba, shi ya sa ake haɗawa da zanen yatsa. Wanda ya ba da aron katinsa, ko ya jinginar da shi wajen mai ba da bashi, ya ba da sunansa ne.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, don Allah kada a cire awarwaro wai yana damun alwala, kada a tura kati ƙasan jaka. Rigakafi ya fi magani. Mu kuma 'ya'ya, mu zauna mu yi musu bayani kafin ranar tashi.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa.