"Kowa da Gaskiyarsa": Maganar da Ke Cinye Burtali

Ƴan'uwa makiyaya, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wuraren sasanta rikicin gona da kiwo. Da zarar an zauna, sai wani babba ya gyara rawani ya ce: "Ai kowa da gaskiyarsa, manomi da tasa, makiyayi da tasa." Jama'a su gyaɗa kai, a ce dattijo ya yi magana. Mu dai mun ƙi wannan magana, kuma ga dalilinmu.

In gaskiya ta koma abin da kowa ya gani da idon zuciyarsa, to ta wa za a ɗauka ranar hukunci? Ta mai gari da danginsa. Makiyayi baƙo ne, gobe ya wuce da garkensa. Shi ke nan sai a yanka masa tara, a sayar da karsana, a ce an yi sulhu.

Faɗin burtali ba ra'ayi ba ne, da taki ake auna shi. Turakun sumunti da aka kafa a bakinsa suna nan, ko kuwa ramin da aka tuge su yana nan. Sawun shanu a gona shi ma ana ganinsa, a bi shi har inda ya fito. Ranar sakin gonaki hukuma ce ke shelanta ta kowace shekara. A Nijar, dokar 1961 ta ja iyakar noma daga arewa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, wato Kofo, don a rubuta gonaki, burtali da mashaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Me ya sa ake ajiye duk waɗannan a koma ga "ni dai a ganina"?

Ba mu manta da Toda ba. A watan Oktoba 1991, a jihar Maradi, rigima kan ɓarnar gona ta ƙare da kisan sama da mutum 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. Waɗanda suka ɗauki makami ran nan su ma suna da "gaskiyarsu". Ba wanda ya tsaya ya tambayi wace saniya, wace gona, wane makiyayi.

Za a ce mana zafin da manomi ke ji idan ya tarar da geronsa a tattake shi ma gaskiya ne. Haka ne, ba mu musa ba. Amma zafin rai ba ya nuna shanun wa suka shiga, kuma ba ya faɗin dami nawa aka yi asara. Wannan sai an je an duba.

Hujja kuwa ba ta da dangi. Ranar da sawu ya nuna shanunmu ne, mu biya ba gardama, ko da yaronmu ya rantse bai shiga ba. Wanda ke neman a auna burtali dole ya yarda a auna ɓarnarsa.

Saboda haka muna kira ga ardo-ardo da wakilanmu: kada ku sa hannu kan wani sulhu sai an taka ƙafa zuwa gonar, an kira Kofo, an auna, an rubuta, an ba kowane ɓangare takardarsa. Gani ya kori ji.