Jami'ar intanet: ɗalibin da ke zaune a shago shi ma ɗalibi ne

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, yau maganarmu a kan ɗiyanmu take, waɗanda suka samu bak amma ba su tafi Yamai ko wata jami'a ba, suka yi rajista a jami'o'in da ke koyarwa ta intanet. Malaminsu yana nesa, darasi yana zo musu cikin salula ko kwamfuta, su kuwa suna tare da mu, gida ko shago. Mun ga abin ya yi sauƙi: babu kuɗin mota, babu hayar ɗaki, ga mai kama mana aiki. To amma mu tsaya mu duba abin da yaron ya rasa, da wanda ya kamata ya cike masa gurbin.

Wanda ya zauna a jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Maraɗi, Tawa da Damagaram da aka buɗe a 2010, ya san ba cikin aji kaɗai ake samun ilimi ba. Ɗan Tasawa yana kwana ɗaki ɗaya da ɗan Gaya, su yi layin abinci tare, su yi gardama, su yi wasan ƙwallo da bukin al'adu. Wanda darasi ya shige wa duhu, abokinsa ya warware masa. A nan ake koyon tsayawa gaban taro a yi magana, a nan ake samun abokan da gobe za su zama abokan aiki. Ba mu manta da ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, lokacin da ɗalibai suka fito a gadar Kennedy, wasu suka rasa rayukansu, abin da ya taimaka aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Da kowane yana ɗakinsa shi kaɗai, da ba a ji muryarsu ba.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun gane haka. Sanagal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda daga baya aka sa wa sunan marubuci Cheikh Hamidou Kane. Ba ta bar yara da salula kawai ba, sai ta buɗe zaurukan karatu a garuruwa, da kwamfuta da intanet, inda ɗalibai ke haɗuwa su yi bita, su rubuta jarrabawa, su kafa ƙungiyoyinsu. A Najeriya, jami'ar karatu daga gida da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo a 2002, tana da cibiyoyi a jihohi, har da Kano, Katsina da Sakkwato. Dalilin a fili yake: zuwa da kai ya fi aike.

Mu kuwa me muke yi? Yaro ya buɗe darasi, sai a ce tashi ka kai kaya tasha. Yarinya tana sauraren malami, sai a miƙa mata tulu ko goyon ƙane, tun da a ganinmu latsa waya take yi. Da tana Yamai, wa zai kira ta ta bar aji ta zo ta auna wa wani gero? Shekara ta ƙare, jarrabawa ta kayar da ita, mu ce karatun intanet ƙarya ne, alhali mu muka cinye mata lokacin. Kuɗin rajista da muka tara da adashe, da jikkunan da muka zuba wajen sayen katin waya, duk sun bi ruwa.

Wasu za su ce kasuwa ba ta jira, kuma da cinikin nan ake biyan karatun. Gaskiya ne. Ba mu ce a raba yaro da shago ba, hasali ma wanda ya haɗa karatun lissafin kuɗi da zaman shago ya fi takwaransa sanin abin da ake koya masa. Abin da muke cewa a yanka masa lokaci, awa 3 ko 4 kowace rana, a sani cewa cikin waɗannan awoyi yana lakwal, ko da idonmu na ganinsa.

Na biyu, a sama musu wurin haɗuwa. Kowace babbar kasuwa tana da ƙungiyar ƴan kasuwa da ke tara kuɗin masu gadi da na shara. Ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, da bencina, da faranti mai hasken rana saboda ɗauke wutar lokacin zafi, da layin intanet ɗaya, bai fi ƙarfinmu ba in an haɗa hannu. Samarinmu sun iya kafa fada su sha shayi har tsakar dare. To a yi fadar karatu. A ware wa ƴan mata lokacinsu da rana, don uwaye su saki jiki su bar su su je. Magadan gari su ma sai mu tuna musu gidajen matasa da al'adu da ke akwai a garuruwanmu.

Na uku, kafin a biya ko dala ɗaya, a bincika. Makarantun ƙarya sun yi yawa a intanet. A je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tambaya ko gomnati ta yarda da takardar da za su bayar, ko hukumar CAMES da ke Wagadugu ta amince da ita. Mu da ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga ƙwayar, bai dace mu sayi karatu ido rufe ba.

Yaron da ke gefenmu da littafi da salula ɗalibin jami'a ne. Mu ba shi lokacinsa, mu haɗa shi da ƴan uwansa ɗalibai. Allah ya sa albarka cikin ɗiyanmu da kasuwarmu, amin.