Mawaƙiyar Da Ta Sa Kurame Suka Ga Waƙa

Ranar 1 ga watan Janairu garin Kagoro, da ke gindin dutse kusa da Kafanchan, yakan cika ya batse saboda bikin Afan. Mafarauta su fito da shirinsu, makaɗa su jera ganguna, masu ƙaho su yi ta busa. Haka kuma abin yake a Kwoi in lokacin bikin Tuk Ham ya zo. A irin wannan taro da wuya a rasa kurma. Shi ma ya ci ado ya zo, yana jin dukan ganga a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa, har yakan taka rawa daidai da kowa. Amma da zarar mawaƙi ya buɗe baki, jama'a suka tuntsire da dariya ko suka yi tsit, sai a bar shi yana bin fuskoki da kallo, bai san abin da aka faɗa ba.

Akwai wata mawaƙiya a Amurka da ta daɗe da nuna maganin wannan abu, sunanta Holly Near. An haife ta a shekarar 1949 a garin Ukiah na jihar Kalifoniya. Ta fara da wasan kwaikwayo, sa'an nan a 1971 ta bi ayarin su Jane Fonda suna yawon wasanni na nuna ƙin yaƙin Biyetnam. A 1972 ta kafa kamfanin faifai na kanta mai suna Redwood Records, don ta rera abin da ke ranta ba tare da wani ya tace mata ba. Waƙoƙinta na talakawa ne da ma'aikata da neman zaman lafiya, wato irin waƙar da nauyinta ke cikin maganar da ke ciki. Mai irin wannan waƙa, in kurma bai san abin da ta ce ba, to bai ƙaru da kome ba.

Saboda haka sai ta riƙa hawa dandamali tare da wata mata mai suna Susan Freundlich, gwanar maganar hannu ta kuramen Amurka. Holly tana rerawa, Susan tana gefenta a cikin hasken fitila tana juya waƙar da hannu. A 1981 aka yi wani gajeren fim a kan aikin nasu mai suna See What I Say, inda aka nuna su a bakin aiki, aka kuma tattauna da mata kurame. Fim ɗin ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar kyautar Oscar.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin na kwaikwayo ne kawai. Tun 1960 wani malami mai suna William Stokoe, na kwalejin kurame ta Gallaudet a birnin Washinton, ya tabbatar da cewa maganar hannu harshe ce mai nahawunta. Don haka tafintan waƙa ba ya bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya karɓi baitocin tun kafin ranar wasa, ya nazarce su, ya gano habaici da karin magana, ya nemo musu daidai a harshen kurame. In ya hau dandamali, hannuwa su ɗauki ma'ana, fuska ta ɗauki fushi ko murna, jiki kuma ya riƙe kiɗan. In murya ta yi sama ya faɗaɗa alamun, in ta yi ƙasa ya tsuke su.

Wata ƙungiyar mawaƙa mata baƙaƙen fata, Sweet Honey in the Rock, wadda Bernice Johnson Reagon ta kafa a Washinton a 1973, ta ƙara gaba. Ta ɗauki Shirley Childress, wadda iyayenta duka biyu kurame ne, ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya, tana shiga irin ta sauran, tana zama a sahunsu. Ta shafe fiye da shekara talatin tana wannan aiki kafin rasuwarta a 2017.

To, a ƙasar nan fa? Makafi sun daɗe da samun gurbi a fagen waƙa, kowa ya san Aliyu Namangi na Zariya da Imfiraji. Kurame ne aka bari a baya, alhali kuwa suna da yawa. Ƙyanda da sanƙarau sun toshe kunnuwan yara masu ɗimbin yawa a Arewa, balle annobar sanƙarau ta 1996 wadda ta hallaka dubban mutane. Da yawa daga waɗannan yara sun taɓa jin waƙar uwa kafin ciwo ya kama su, sun san abin da suka rasa.

Ba kuwa harshen ne babu ba. Kuramen Kano suna da maganar hannu tasu wadda suka gada kaka da kakanni, har da Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta nazarci harshen, ta buga littafi a kansa a shekarar 2000. Ban da wannan akwai ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A Kano ma an buɗe ta Tudun Maliki a 1977. Ke nan duk mai son tsai da tafinta sai ya fara tambayar kuramen garin wacce suke ji, domin wanda ya yi makaranta da wanda ya tashi a kasuwa ba alamu ɗaya suke amfani da su ba.

Kudancin Kaduna ya fi ko'ina dacewa da a fara wannan aiki. Tun da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa, garin ya zama matattarar harsuna. Ga Tyap, ga Jju, ga Hyam, ga Gworok, ga Hausa da ta haɗa kowa. Mutanen yankin sun saba ganin mutum biyu tsaye gaban taro, ɗaya na magana ɗaya na fassara. Ƙara na uku mai fassara da hannu ba zai zama baƙon abu ba.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba ta hawa dandamali, sai mutane sun hau da ita. Kwamitocin bukukuwa da ke ware kuɗin hayar lasifika da rumfuna suna iya ware ladan tafinta, su kuma keɓe wa kurame kujeru a gaba inda za su gan shi sosai. Mawaƙa su ba shi baitocinsu da wuri. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da ke nan kusa, tana iya taimakawa wajen horar da matasa, musamman 'ya'yan kurame da ƙannensu, waɗanda suka tashi da harshen a hannunsu kamar Shirley Childress.

Ranar 23 ga Satumba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don harsunan hannu. Daga ranar zuwa bikin Afan akwai wata uku da 'yan kwanaki, kuma sun isa mawaƙi ɗaya da tafinta ɗaya su shirya waƙa guda su kai ta filin Kagoro.