Ra'ayinmu: Wa Ya Ji Kukan Diouana?

Duk lokacin da aka ta da zancen siliman Afirka a tsakanin ɗalibai, sai an ambaci La Noire de..., watau fim ɗin da Usman Sembene na Senegal ya fitar a 1966. Galibin 'yan'uwanmu maza kan ce labari ne na mulkin mallaka, su yi shiru. Mu a ganinmu sun faɗi rabin magana.

Diouana budurwa ce daga Dakar wadda iyayen gidanta Turawa suka kai garin Antibes na Faransa. Ta je da zaton reno za ta yi, sai ta iske kanta tsakanin murhu da tsumman goge-goge, ba fita, ba ganin gari. Ran da aka yi baƙi, wani ya tashi ya sumbace ta ba da izininta ba, wai don bai taɓa sumbatar baƙar mace ba. Da namiji ne kukun, da haka ta faru? Sa'an nan wadda ta fi gallaza mata ita ce uwargida, mace 'yar'uwarta. Saboda haka mai cewa matsalar launin fata ce kurum bai gama gani ba, mai cewa duk mata ciwonsu ɗaya shi ma haka. Har wasiƙar mahaifiyarta maigida ne ya karanta, shi ya ɗauki alƙalami zai ba da amsa da sunanta. Daga ƙarshe ta kashe kanta a bahon wanka.

Ba mu kuwa wanke masu sana'ar ba. Zalika Souley ta Nijar ta fito a finafinan Mustafa Alhassan da Umaru Ganda, ta sha zagi a gari don rawar da ta taka a gaban kyamara. Da Rahmatou Keita ta yi fim a kanta a 2004, cikin talauci aka gan ta a Yamai, alhali kuwa sunayen mazan na cikin littattafai.

To, yawancinmu gobe za mu kama aikin gwamnati, a ba mu gida, mu aika ƙauye a kawo mana yarinya mai aiki. Wa zai karɓi ladanta? Za ta shiga makaranta? Muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nemo wannan fim a nuna, kuma ran muhawara a fara ba 'yan'uwanmu mata dama su yi magana.