Darasin Ƙwallon Dawaki Na Katsina

A wannan mako za mu duba wani abu da ya daɗe yana damun masu sha'awar wasanni a ƙasan nan, watau dalilin da ya sa wani kulob yakan yi tsawon rai, wani kuwa ya yi tashe na 'yan shekaru ya ɓace. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne ƙwallon dawaki na Katsina.

Turawa ne suka kawo wasan, suka kafa kulob a Legas cikin 1904, amma a Katsina ya zama ɗan gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya karɓe shi cikin shekarun 1920, ya sa 'ya'yansa da bayin Sarki suka koya. Abin bai yi musu wuya ba, gama Katsinawa sun gaji doki da sukuwa kaka da kakanni. Sanda da ƙwallo ne kaɗai baƙi.

Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, ya ƙware har aka ba shi daraja ta 7 a ma'aunin gwanintar da iyakarsa 10, ya kuma shugabanci ƙungiyar wasan ta Nijeriya. Mahayan Katsina sun sha ɗaukar kofin Jojiya, wanda ake takara a kansa a Kaduna tun 1919. Da Nagogo ya rasu cikin 1981 wasan bai bi shi ba, domin 'ya'yansa, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, sun riga sun riƙe sanda. Asirin ke nan: uba ya koya wa ɗa, gari kuma ya ɗauki abin nasa.

To, wani zai ce ai wannan wasan sarakuna ne da attajirai, ina talaka ya ga kuɗin doki da harawa? Gaskiya ne. Saboda haka bari mu leƙa ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, inda suke da wasan gargajiya mai suna harlin, na sandar itace da ƙaramar ƙwallo, mutum 15 kowane gefe. Ƙungiyar da ke kula da shi, wadda aka kafa cikin 1884, ba ta biyan ɗan wasa albashi, kuma bisa al'ada kowa garinsu yake yi wa wasa. Cikin 1972 mutanen wani ƙauye mai suna Balihel, a lardin Kilkeni, suka haɗa ƙananan kulob ɗinsu suka zama ɗaya. Daga 1981 zuwa 2023 sun ci kofin ƙasa na kulob-kulob sau 9. Ba sarki, ba kamfani, sai manoma da malaman makaranta da 'ya'yansu.

A gwada wannan da BCC Lions na Gboko, waɗanda suka ɗauko kofin Afirka na zakarun kofuna cikin 1990. Kamfanin siminti ne ke riƙe da su, da kamfanin ya raunana sai kulob ya bi sahu. Wanda ya hau dokin aro, ran da mai shi ya zo dole ya sauka.

Wannan magana ta shafi ƙananan garuruwanmu, musamman irin su Godogodo a Ƙaramar Hukumar Jama'a. Haƙar kuza ce ta tara kabilu iri-iri a can. Harkar kuza ta ja baya, rikicin 2016 kuma ya ci rayuka da gidaje, ya bar zargi tsakanin maƙwabta. Gari irin wannan yana bukatar wurin da ɗan Musulmi da ɗan Kirista za su sa riga iri ɗaya, su yi murna tare, su sha kaye tare. Wasa ba zai maye gurbin adalci da tsaro ba, amma yaron da ya saba miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo zai yi nauyin ɗaga masa hannu.

Shawararmu ita ce dattawa da hakimai su keɓe fili, a rubuta shi da sunan gari don kada a yanka shi filoti. A ɗora kulob bisa karo-karon 'yan gari, ba bisa aljihun ɗan siyasa ba, wanda kyautarsa takan ƙare ran zaɓe. A fara da 'yan firamare, ko ƙwallon ƙafa ne, ko langa, ko kokawa. A kuma ajiye littafin da za a riƙa rubuta sunayen 'yan wasa da sakamakon kowace shekara, domin na baya su san abin da suka gada.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.