Kafintoci, Ku Daina Binne Ha'inci a Ƙarƙashin Fenti

Wata huɗu kacal da kai 'yar ƙanwata ɗakinta, ƙafar gadonta ta karye. Da na je dubawa, na sa farce a inda ya tsage, sai wani abu ya riƙa zubowa kamar garin kwaki. Ashe garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka danna cikin tsaga mai faɗin yatsa, aka goge da samfefa, aka feshe da fenti mai ƙyalli. Uban yarinyar nan sai da ya sayar da shanun nomansa kafin ya haɗa kuɗin kayan ɗakin.

Na koma wurin kafintan raina a ɓace. Ko a jikinsa, ya ce da ni: "Alhaji, ai katako ne, haka yake yi idan hunturu ya shigo."

To ai don haka ne laifinka ya fi muni, tunda ka sani! Yawancin katakon da ake aiki da shi a Kano da Kaduna da Sakkwato daga dazukan kudu yake zuwa, irin su afara da obeche, kuma da ruwansa ake sauke shi. Idan hunturu ya kankama, danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗanyen katako ya tsotse, ya kantare, ya tsage. Kafintocin da suka san mutuncin sana'arsu sukan jera shi a inuwa, su sa 'yan itatuwa tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, su jira. Ƙa'idar da aka sani ita ce kaurin inci 1 yana buƙatar kusan shekara guda. Yanzu kuwa yau a sauke, gobe a yanka, jibi a fesa.

Ni ba na faɗa da fila, wato irin wannan kwaɓin da ake cike gurbi da shi. Tana da wurinta: ramin ƙusa, ɗan ƙarzane, ɗan gurbin da ya rage bayan haɗi. Amma fila ba ta ɗaukar nauyi, ba ta riƙe ƙusa, kuma ba ta motsawa tare da katako idan ya kumbura da damina ya tsuke da rani, sai ta fashe ta zube. Babbar tsaga a ƙafar gado ko kujera, gyaranta shi ne a fere katako irinsa a shigar da gam a matse, ko a cire falankin a sa wani. Mafi ciwo shi ne 'yan ƙananan ramukan da ƙwaro ya huda. Toshe bakin rami ba ya kashe tsutsar da ke ciki. Tana nan tana cin kayan amarya daga ciki, har wata safiya a ga gari ya taru a ƙarƙashin gado.

Wannan ha'inci ne, ba wani suna gare shi ba. Ya zo a Sahih Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tulin abincin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawata masa kan ɓoyewar. Mene ne bambancin jiƙaƙƙen hatsi da aka rufe da busasshe, da ɗanyen katako da aka rufe da fenti?

Na ji masu cewa mu masu saye ne ke son araha da gaggawa, biki saura mako biyu mu zo muna neman gado da kujeru. Haka ne. To ka faɗa mini gaskiya mana! Ka ce kuɗina bai kai na busasshen katako ba, in zaɓa da kaina.

Iyayen amare, kada ku biya cikon kuɗi sai kun ga kayan tsirara kafin a yi fenti. Ku juya gadon, ku ƙwanƙwasa ƙafafunsa, ku danna farce a duk inda launi ya bambanta. Kafintan da ya hana ku gani kafin fenti, ku karɓi kuɗinku ku yi gaba.